Zauren Baba Malam: Ɗalibi Zai Ba Malaminsa Maki?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba Malam. Ina koyar da lissafi a wata sakandare mai zaman kanta a Zariya, shekarata ta shida ke nan. A ƙarshen zangon da ya wuce mai makarantar ya raba wa ɗalibai fom, ya ce su ba kowane malami maki daga 1 zuwa 5. Ya kuma sanar da mu cewa wanda ya zo ƙasa za a zaftare masa albashi, in ya sake zuwa ƙasa a sallame shi. Ni ce na zo ta biyun ƙarshe. Baba, ban taɓa fashin aji ba sai da lalura, kullum ina ba da aikin gida, ba na kuma ɗaga wa mai satar amsa ƙafa. Wanda ya zo na ɗaya kuwa, rabin darasinsa hirar ƙwallo ce. Tun da aka fitar da sakamakon, in na shiga aji sai in ji kamar yaran nan su ne iyayen gidana. Wai shin tarbiyyarmu ta yarda yaro ya auna malaminsa? Ko in ajiye aikin ne?

Malamar lissafi, Zariya

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Kada ki ajiye aiki. Abin da aka yi miki ba daidai ba ne, zan kuma faɗi dalili. Sai dai akwai ɓangaren maganarki da ban yarda da shi ba, shi ma ba zan ɓoye miki ba, don ba na so ki fita daga wannan ɓacin rai da tunanin cewa bakin ɗalibi abin toshewa ne.

Bari in fara da tarbiyyar da kika ambata. Gaskiya ne mun taso malami uba ne. Ba a kiran sunansa gatsal, ba a miƙe ƙafa a gabansa, in yana magana ba a katse shi. Ina nan a kan wannan har gobe. Amma gidan da ya koya mana haka shi ya koya mana cewa in liman ya yi mantuwa, mamu ya ce Subhanallah, in ya kakare a karatu a ɗora shi, ko da kuwa mai ɗorawar almajirinsa ne. Ki tuna hadisin Zul-Yadaini da ke cikin Bukhari da Muslim. Manzon Allah (SAW) ya sallame bayan raka'a biyu a sallar da take mai raka'a huɗu. Abubakar da Umar suna wurin, kwarjini ya hana su magana. Wani sahabi da ake kira Zul-Yadaini ya ce, ya Manzon Allah, an rage sallar ne ko mantuwa ka yi? Ba a ce masa ya yi rashin kunya ba. Ba a kuma ɗauki maganarsa shi kaɗai ba, sai da Annabi ya juya ya tambayi jama'a ko haka abin yake, suka tabbatar, sannan ya cika sallar ya yi sujada. Duba yadda abin ya tafi: na ƙasa ya faɗi abin da ya gani cikin ladabi, aka nemi ƙarin shaida, aka gyara. A ƙasarmu ma, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya saɓa wa malaminsa Malam Jibrilu ɗan Umaru a kan kafirta masu manyan zunubai, bai kuma daina girmama shi da yabonsa ba. Saboda haka duk wanda ya ce miki al'adarmu ta hana ɗalibi buɗe baki a kan malami, ya ɗauki rabi ya bar rabi.

A shekarun da na yi ina zagayen duba makarantu, na san abu guda: labarin zuwan sufeto yana riga shi isa. Kafin mu sauka daga mota an share fili, an cike littafin shirin darasi da tawada iri ɗaya daga farkon zango har ranar, malamin da aka daɗe ba a gani ba ya bayyana da alli a hannu. Mu zauna a bayan aji minti arba'in, mu kalli darasin da ya fi kowanne kyau a shekarar, mu rubuta rahoto mu tafi. Yaron da ke zaune a bencin gaba kuwa shi ya san ranar Litinin nawa aka bar su da monita yana rubuta sunan masu surutu. Shi ya san ko ana duba littafinsa ko sa hannu kawai ake yi. Shi ya san in ya ce bai gane ba za a maimaita masa ko za a ce masa daƙiƙi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Jarrabawa ma ba ta ganin waɗannan. A 2017 gwamnatin Kaduna, jihar da kike aiki, ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 gwaji da tambayoyin aji huɗu, ta ce 21,780 ba su kai maki 75 cikin 100 da aka gindaya ba, ta sallame su, har ƙungiyar malamai ta ƙasa, NUT, ta shiga yajin aiki a Janairun 2018. Kowa da ra'ayinsa a kan wannan mataki, ba shi ne zancenmu na yau ba. Abin da nake so ki lura da shi shi ne, gwaji irin wannan iyakarsa ya nuna ko malami ya san abin da zai koyar. Ba zai nuna ko yana shiga aji ba, ko yana karɓar kuɗi a hannun yara, ko yarinya tana fargabar a bar ta ita da shi a ofis. Waɗannan in ba ɗalibi ne ya faɗa ba, babu mai faɗa.

To amma akwai abin da ɗalibi ba ya iya gani daga inda yake zaune, kuma nan ne mai makarantarku ya yi ɓatan kai. Yaro ba ya sanin amfanin wahalar da ake ba shi sai ta wuce. An yi bincike a Jami'ar Bocconi da ke Milan a Italiya, aka buga shi a 2014. Masu binciken sun bi ɗalibai suka duba yadda suka yi a darussan gaba, waɗanda aka gina a kan na baya. Sai suka tarar malaman da ɗalibansu suka fi yin ƙoƙari daga baya su ne suka fi samun ƙarancin maki a fom ɗin ɗalibai. A Jami'ar Munsta ta Jamus, a wani gwaji da aka buga a 2018, an raba wa wasu rukunonin ɗaliban likitanci biskit mai cakulan a lokacin darasi, wasu ba a ba su ba. Waɗanda suka ci biskit sun fi yaba malaman da darasin. Akwai kuma wanda ya shafe ki kai tsaye. A Jami'ar Mastirik ta Holan an duba fom kusan 20,000, aka ga malamai mata suna samun maki ƙasa da na maza, musamman daga hannun ɗalibai maza, kuma abin ya fi tsanani a darussan da ke da lissafi, alhali sakamakon jarrabawar ɗaliban bai nuna matan sun gaza ba. Waɗannan fa manya ne 'yan jami'a. Ina ga ɗan aji biyu na ƙaramar sakandare da kika ƙwace wa takardar satar amsa mako guda kafin a miƙa masa fom?

Kuskuren mai makarantarku biyu ne. Ya yi wa yara tambayar da ba su da amsarta, sannan ya ɗaura albashi a jikin amsar. In ka ce wa yaro ba malaminka maki daga 1 zuwa 5, abin da ya ji shi ne: kana son sa ko ba ka son sa? Ita kuwa ɗaurawar albashi, ita ta fi tayar mini da hankali, don na san inda take kai makaranta. Malami yana da iyali, yana da haya. Ran da ya gane tuwon gidansa yana hannun 'yan ajinsa, zai fara sassauta jarrabawa, ya rage aikin gida, ya kau da kai in an leƙa takardar wani, ya riƙa nuna inda tambayoyi za su fito. Kowa zai sami 5, yara suna murna, iyaye suna murna da katin sakamako, sai ranar da WAEC da NECO suka fito a rasa wanda za a kama. A Kanada, a 2018, wani mai sasanci tsakanin Jami'ar Ryerson ta Toronto da ƙungiyar malamanta ya yanke cewa ba za a yi amfani da makin fom ɗin ɗalibai a matsayin ma'aunin iya koyarwa wajen ƙarin girma ko tabbatar da malami a aiki ba. Bai hana a tambayi ɗalibai ba, makin ne ya ƙi yarda a yanke wa malami hukunci da shi.

Matsayata ke nan, Malama: a ɗauki ɗalibi a matsayin mai ba da shaida, a bar alƙalanci ga manya. Mai shaida kuwa abin da idonsa ya gani ake tambayarsa. A Amurka gidauniyar Gates ta ɗauki nauyin wani babban bincike daga 2009 zuwa 2013 da malamai kimanin 3,000, wanda a cikinsa aka tambayi yaran firamare da sakandare. Ba a tambaye su ko malam yana burge su ba. An tambaye su abubuwa irin su ko ana ɓata lokaci a ajin, ko malamin yana gane lokacin da ba su fahimta ba, ko suna koyon gyara kuskurensu. Amsoshin irin waɗannan tambayoyi sun yi daidai gwargwado da ci gaban da yaran suka samu a karatu, kuma ma'aunin ya fi inganci da aka haɗa shi da kallon darasi da sakamakon jarrabawa. Da irin wannan fom aka raba a makarantarku, ina kyautata zaton mai hirar ƙwallo ba zai zo na ɗaya ba, don yaran da ke jin daɗin hirar su ne za su shaida cewa ana ɓata lokaci.

Ga abin da zan ba ki shawara. Kada ki je wurin mai makaranta ke kaɗai, kada kuma ki je da kukan matsayin da kika zo, don zai ce zafin faɗuwa ne. Ki nemi malamai uku ko huɗu, har da waɗanda suka sami maki mai kyau in akwai masu adalci a cikinsu, ku je da shawara a rubuce. Ku ce kun yarda a ci gaba da tambayar ɗalibai, amma a sauya tambayoyin su koma kan abin da ake gani: shigowa aji a kan lokaci, duba littattafai, damar yin tambaya, zagi ko dukan da ya wuce kima, neman kuɗi ko aike a lokacin darasi. A cire sunan yaro. Kada a raba fom a makon jarrabawa ko bayan an ba da sakamako, a yi shi a tsakiyar zango yadda malami zai sami lokacin gyarawa. Kada a kafe sakamako a allon sanarwa, a kira malami ofis a nuna masa. In ƙorafi iri ɗaya ya taru a kan mutum, shugaban makaranta ko shugaban sashe ya shiga ajin da kansa ba tare da sanarwa ba, ya ɗauki littattafan yara ya duba, ya ji ta bakin malamin. Bayan duk wannan ne ake maganar gargaɗi ko sallama. Ki tafi da sakamakon lissafin ɗalibanki na shekarun baya, shi ne lauyanki.

Saura ɓangaren da zai yi miki ɗaci. Ƙarancin makin nan ba lallai ne duka hassada ko ramuwar gayya ba. Na sha ganin malamin lissafi mai ƙwazo wanda yake gudu da 'yan bencin gaba su biyar, sauran arba'in suna kwafar allo ba su san inda aka dosa ba, suna kuma tsoron ɗaga hannu. Ban ce haka kike ba, ban taɓa zama a ajinki ba. Amma ke za ki iya ganowa. Ki raba musu 'yar takarda, ki ce kada kowa ya sa suna, su amsa abu biyu: wane darasi ne har yanzu bai zauna musu ba, kuma me kike yi da ke hana su tambaya. Za ki ga shirme a ciki, ki wuce shi. Abin da yara goma suka maimaita kuwa, ki tsaya a kansa. Washegari ki gaya musu abin da za ki sauya da abin da ba za ki sauya ba, ki ce aikin gida yana nan, satar amsa kuma babu sassauci. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Girmanki ba zai ragu ba don kin tambaya, domin ke kika buɗe ƙofar, ke kuma za ki yanke abin da za a yi.

TAMBAYA: Baba, ni ɗalibi ne ɗan aji biyu a wata jami'a. Sashenmu ya kawo fom na tantance malamai, amma akwai gurbin lambar rajista, kuma wakilin aji ne yake tattarawa ya kai wa malamin da kansa. Akwai wanda sau uku ya shigo a zangon nan, kuma wanda bai sayi handawut ɗinsa ba ba ya cin kwas ɗin. In na rubuta gaskiya na san zan maimaita. In na yabe shi kuma raina ba zai kwanta ba.

Ɗalibi, Arewa maso Gabas

AMSA: Ɗana, fom ɗin da zai koma hannun wanda ake tambaya a kansa, da lambarka a jiki, ba a yi shi don a ji gaskiya ba. Ba zan ce ka jefa kanka a rami ba, ba kuma zan ce ka yi shaidar zur ba. Kada ka sa lambarka. In an tilasta, ka cike abin da ba ƙarya a ciki, ka bar sauran fayau. Barin gurbi ba laifi ba ne.

Maganar handawut kuwa ta fi ƙarfin fom. Wannan tatsar ɗalibai ce, kuma hujja take bukata. Ku rubuta ranakun da ya zo da waɗanda bai zo ba, nawa ake biya, wa ake ba, ko akwai jerin sunayen waɗanda suka saya. Ku haɗu da yawa, don mutum ɗaya ake iya murƙushewa. Ku fara da malamin da ke kula da ajinku, in kun amince da shi, ko shugaban sashe. In ba a motsa ba, akwai ofishin kula da harkokin ɗalibai, akwai sashen tabbatar da inganci, jami'o'i da dama kuma suna da teburin SERVICOM na karɓar ƙorafi. Ta bakin ƙungiyar ɗalibanku ku nemi a daina bi da fom ta hannun malami, a sa akwati a ofishin shugaban tsangaya ko a mayar da shi ta intanet ba suna.

Kada ka ce muryar ɗalibi ba ta zuwa ko'ina. A 2018 labari ya fito cewa wata ɗaliba a Jami'ar Obafemi Awolowo ta Ile-Ife ta naɗi muryar farfesan da ya nemi lalata da ita don ya ba ta maki. Jami'ar ta kore shi, hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC ta gurfanar da shi, kotun tarayya a Osogbo ta ɗaure shi shekara biyu a Disamban shekarar. Babu sufeto ko kwamitin tantancewa da ya gano wannan, ɗaliba ce da hujja a hannu. Ina kuma roƙonka, in ka zo cike na sauran malamai ka yi musu adalci. Akwai mai tsayawa gaban ɗalibai ɗari biyar ba lasifika, ya duba takardunsu ɗaya bayan ɗaya. In ya yi tsanani amma yana zuwa yana koyarwa, ka rubuta haka.

TAMBAYA: Malam, ni manomi ne, ina cikin kwamitin makarantar firamaren ƙauyenmu. 'Yata da ke aji biyar ta ce malaminsu sai ranar Talata da Laraba yake zuwa. Hedimasta ya ce rajista ta nuna yana zuwa kullum, wai kada in biye wa maganar yara. Yaya zan yi?

Wani uba, daga Jigawa

AMSA: Malam, Allah ya saka da alheri da ka saurari 'yarka. Zuwa ko rashin zuwan malami yana cikin abubuwan da yaro ba ya kuskure a kansu, rajista kuwa ana iya cike ta a zama ɗaya. A yankin Udaifur na Indiya, daga 2003, wata ƙungiya mai suna Seva Mandir ta ba wasu daga cikin makarantunta na ƙauye kyamara mai buga rana da lokaci, ɗalibi ne ke ɗaukar hoton malami tare da yara da safe da kuma lokacin tashi, ana biyan malami gwargwadon kwanakin da hoto ya nuna. Rashin zuwan malamai ya kasance kashi 21 cikin 100 a waɗannan makarantu, a inda ba kyamara kuwa kashi 42. Ka lura, a nan an taɓa albashi, amma a kan abin da ake ƙirgawa, ba a kan ko yara suna son malamin ba.

Kada ka ambaci sunan 'yarka a ko'ina, don ita za ta zauna a ajin bayan ka tafi gona. Tsarin kwamitin makaranta irin naku, wato SBMC, ya tanadi kujerun ɗalibai, namiji da mace, ka nemi a riƙa kiran su zama a kuma bar su su yi magana. Ku raba kwanaki tsakaninku, kowace safiya ɗan kwamiti ɗaya ya leƙa makaranta ya rubuta wanda ya tarar, ku yi haka wata guda. Sannan ku zauna da malamin kafin ku kai shi gaba. Wataƙila daga nesa yake zuwa kuɗin mota ya fi ƙarfinsa, wataƙila albashinsa ne ya maƙale. In haka ne, ɗaki guda a cikin gari zai iya magance abin. In kuma kun ji ta bakinsa ba wani uzuri, ku ɗauki takardarku ta wata guda, da sa hannun shugaban kwamiti da na mai unguwa, ku kai wa sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, ku riƙe kwafi. In wata ya wuce shiru, ku aika kwafin hukumar ilimin matakin farko ta jiha, SUBEB, a Dutse.